Shanun da Suka Ci Dawar Alhaji Sahabi

Har yau ban manta da ranar da muka je duba ɓarna a gonar Alhaji Sahabi ba, a wani ƙauye kusa da Gurbin Bore. Lokacin ina malamin dabbobi, kuma ina cikin kwamitin sulhun manoma da makiyaya. Ƙa'idarmu ita ce a duba gona, a bi sawu, a tsare shanun a ƙofar mai gari har a yanke hukunci.

Dawa ta fara kai, shanu sun kwantar da gefe guda. Sawu ya kai mu rugar wani makiyayi, Jabbi, muka koro garken zuwa ƙofar mai gari. Alhaji, babban dillalin hatsi, ya iso yana huci.

"Ba diyya nika so ba," in ji shi. "A sai da shanun, a tashi rugag ga. Mun gaji!"

Mai gari ya fara gyaɗa kai. Na tausaya wa Jabbi ƙwarai. Ina zai nufa da iyali, ga daji ba lafiya?

Aikina ne in duba alamar kowace saniya kafin a tsare ta. Sai na ga tsagar kunnuwan iri biyu ce, na tambayi Jabbi dalili.

"Malam, masu tsaga guda namu na. Masu biyu na Alhaji na, waɗanda ya ba tsohona kiwo, sunka hayayyafa. Su ma sunka ja gaba, don nan burtalinsu yake."

Burtalin kuwa, hanyar shanu zuwa mashaya, kowa ya san gonar Alhaji ce ta cinye shi. Alhajin kuma ya yi shekaru bai taka rugar ba, man shanu kawai yake karɓa.

Mai gari ya ce, "To Alhaji, a sai da su?"

Alhaji ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, dabba ai ba ta da hankali. Mu yi haƙuri da juna." Nan take ya shiga wa'azin zaman lafiya, har ya fi mu iyawa.

Ba a tashi rugar Jabbi ba. Ku da kuke sabbi a aikin sulhun nan, kafin ku tambayi gonar wa aka ci, ku tambayi shanun wa suka ci. Na sha ganin an tashi ruga kan ɓarnar da ba ta kai wannan ba. Laifinsu ɗaya: babu saniyar Alhaji a garkensu.