Hannun Da Na Matse A Kende

Jikata ta tafi Bagudo yau neman aikin nas ungozoma. Na kasa zama, sai tuna haihuwata ta fari nake.

Shekarun samun 'yancin kai ne. An kawo mana nas 'yar kudu a garinmu Kende, tsofaffi suka ce ba za ta zauna ba sai sun ga aikinta a kaina.

Naƙuda ta tsananta, na yi gum.

Nas ta ce, "Yi kuka in san inda muke."

Gwaggona ta ce, "Ɗiyarmu ba ta ihu, abin kunya ne."

Nas ta raɗa mini, "To, in ciwon ya taso matse hannuna."

Na haihu lafiya. Aka bar nas ta zauna, yatsunta a kumbure.

Iyaye mata, ku hannun wa kuka riƙe?