Husufin da Habu Ya Jira

Ranar Juma'a, biyu ga Oktoba, 1959, ina tsugune a gindin famfo ina wanke kwanukan da 'yan ta'aziyya suka ci abinci, sai na ga hasken tsakar gidanmu yana dusashewa alhali babu hadari. Shekarata tara. Kwana takwas ke nan da ƙyanda ta ɗauke ƙanena Habu, kuma tun ranar ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce. In an ba ni abinci in ci, in an aike ni in je, amma komai kamar daga bayan katanga yake zuwa mini.

A gidajen ma'aikata muke, kusa da Unguwar Rimi, ɗaki biyu da madafa da bishiyar mangwaro ɗaya. Baba akawu ne a ofishin safiyo. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake kwafo lissafin sama a ciki daga kundin ofishinsu: ranar da wata zai tsaya, watannin da Zara ke fitowa da yamma, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke dawowa. In mun gama 'yar gala-gala aka yi magariba, sai ya shimfiɗa tabarma ya nuna mana abin da ya rubuta yana fitowa. Yakan ce, "Da ikon Allah sama ba ta makara, mu ne ke makara." Tun farkon damina ya gaya mana rana za ta yi husufi. Habu, mai shekara shida, ya tara tsakuwa a gwangwanin madara daidai yawan kwanakin, kullum da safe ya jefar da ɗaya kafin mu tafi makaranta. Shi ya riƙe aci-bal-bal da Baba ya turara mana gilasai biyu da hayaƙi don kallon husufin.

Bayan rasuwar, Baba ya daina magana in ba amsa gaisuwa ba. Inna ta shige ɗaki, abincin maƙwabta muke ci. Gwangwanin yana nan kan taga da sauran tsakuwarsa, ina share gefensa ban taɓa shi ba.

To, a wannan Juma'ar Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida yana kallon inuwarsa. Kaji sun nufi akurki. A waje yara na dukan gwangwanaye, wasu maza kuma na komawa masallaci don sallar husufi. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin da agogon aljihunsa.

"Binta, bar wanke-wanken nan ki zo," in ji shi.

Ya miƙo mini gilashi ɗaya, ya ce in duba kaɗan in kawar da ido. Na ga rana ta koma kamar jinjirin wata. A ƙarƙashin mangwaro ma hasken da ke ratso ganye ya zama ƙananan laujuna birjik a ƙasa. Na san abin mamaki ne, amma abin da na ji kawai shi ne sanyin ruwa a hannuna. Baba ya ciro gilashi na biyu, ya waiwaya wajen ƙofa ya buɗe baki kamar zai kira Habu, sannan ya mayar da gilashin aljihu.

Sai labulen ɗaki ya motsa, Inna ta leƙo da ɗankwali a karkace.

"Malam, ya zo daidai da yadda ka rubuta?"

Baba ya dubi agogo. "Daidai ya zo."

"To," in ji ta. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa har haske ya fara dawowa, kaji suka fito. Na koma na ƙarasa kwanukana. Da la'asar na ji ƙarar turmi, na leƙa na ga ita ce ke daka, karo na farko tun ranar jana'iza. Muka ci tuwo mu uku a tabarma ɗaya.

Yanzu jikokina kan nuna mini a waya ranar da za a yi husufi shekaru masu zuwa, har da mintinsa, su yi ta shirin inda za su je kallo. Nakan ce Allah ya kai mu, in dube su ɗaya bayan ɗaya. Ranar tana zuwa kan lokacinta, masu jiranta ne ba a sani ba.