Gaisuwar Suruki a Gangare

"To da sai ka saki kurar mana, Yaya," na ce.

"In sake ta a gangare, jarkoki cike? Ka taɓa tura ruwa kuwa?"

Ban taɓa ba. Muna zaune bakin famfo ni da Armaya'u, yana jiran layi.

Armaya'u mai ga-ruwa ne a Batsari. Kafin 'yan bindiga su tashe su daga Yasore manomi ne mai rumbuna, duk kaka yakan aika wa surukinsa Malam Ikrima gero har Zakka. Abin da ya fi tsoro shi ne tsohon ya san yanzu da kura yake ciyar da 'yarsa. Har roƙon matarsa Ramlat ya yi ta riƙa cewa yana taɓa kasuwanci.

Jiya yana gangarowa da kura bayan kasuwa suka yi kiciɓis da Malam Ikrima, wanda ya shigo gari.

"Ka san ba a gaida suruki a tsaye," in ji shi. "Sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. In na durƙusa, kura ta tafi ta kwashe masu tumatir. In na tsaya, na zama marar tarbiyya. Haka na ƙame, ga gumi, ga riga a yage."

"Shi fa?"

"Bai dube ni ba. Dutse ya ɗauko ya sa wa tayar waigi, ya koma gefe ya jira. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Ramlat da yara, ya tambayi jikina. Kura kuwa kamar ba ta wurin."

"Ai ya rufa maka asiri."

"Shi ya fi ƙona ni, ƙanena. Wanda ya sa waigi da saurin nan ba jiya ya sani ba. Ni ina kewaye lunguna kar mu haɗu, shi yana kauda kai." Ya murza fuska. "Amma ka san abin mamaki? Rabona da barci irin na jiya tun muna Yasore."

Layi ya zo kansa. Ya cika jarkokin, ya toshe bakunansu da leda.

"Ina za a kai?"

"Gidan da Baban Ramlat ya sauka. Ya aiko wai ba su da ruwan alwala."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya danna kurar, ya bi babban titi.