Ilu Maɗinki, Wanda Ya Mutu a Majigi

Ni na tsamo Ilu daga rijiyar baban rini a marinar Kurfi, saboda haka in ana zancen yadda ya fara, a bar ni in faɗa.

Wasan kalankuwa ake yi bayan girbi, wajen shekarar 1956. Samari sun naɗa sarkinsu da fadawansa, Ilu kuwa shi ne Bature. Ya shafe fuska da farar ƙasa, ya aro gajeren wando, ya kifa akushi a ka, ya hau jakin wani mai itace yana ɗaga wa mutane hannu. Ashe jakin ya hango jaka ɗaure a bakin marina. Ya yi kuka, ya zabura. Da ya isa bakin rijiya sai ya tsaya cak, amma Ilu bai tsaya ba. Tsundum!

Na kama hannu guda, marini ya kama guda. Mutumin nan ya fito shuɗi tun daga ka har ƙafa, haƙoransa kaɗai ke fari. 'Yan mata na ta faɗuwa don dariya, har da Sauda da yake nema da aure a lokacin. Da wani ne sai ya ruga gida ya rufe ɗaki. Ilu ya laluba akushinsa, ya mayar a ka, ya riƙe ƙugu, ya yi magana ta hanci irin ta Turawa:

"Wane ne ya gina wannan rijiya a kan hanyar gwamnati?"

Ranar har tsofaffi sai da suka zauna ƙasa. Baban nan kuwa bai bar jikinsa ba sai da wata ya mutu wani ya kama. Sauda ta aure shi duk da haka. Na sha gaya mata ita ce mace ta farko da ta ga kaya sun rine kuma ta saya.

Ilu mutumin Tamawa ne. Ubansu ya rasu ya bar su su biyu, shi da wansa Atiku. Da aka raba gona, Atiku ya zaɓi babba ta kan jigawa, Ilu ya sami ƙarama ta bakin rafi, wadda daga baya aka gane ta fi albarka. Ya koyi ɗinki, ya dawo Dutsin-Ma, Allah ya haɗa mu katanga ɗaya. Ni ina sayar da goro a ƙofar gida, shi yana taka kekensa a zaure.

Gaskiya ɗinkinsa sai a hankali. Ya taɓa yi mini riga, hannun dama ya kai gwiwa, na hagu ko agogo bai rufe ba. Dalili kuwa idonsa ba ya kan allura, yana kan hanya. Duk wanda ya wuce sai ya sace masa wani abu: tarin liman kafin ya ta da salla, yadda mai nono ke juya baya in ka taya ta da arha, tafiyar ɗan doka in sabon takalmi ya matse shi. Da yamma ya fito da su ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gida, mu yi ta dariya har a kira magariba. Shi ya sa ɗinki bai taɓa ciyar da gidansa ba. Gonar Tamawa ke ciyar da su. Kowace damina zai rufe keke da tsumma ya tafi shuka, geron da ya kawo kuma shi za su ci har wata shekara, shi da Sauda da ɗiyarsu Huseina.

Akwai shekarar da matata Rekiya ta kwanta ciwo bayan haihuwa, ta daina ci, ta daina magana. Ilu ya riƙa tsayawa bayan katanga yana yin muryar uwarta da ta ƙanwar ubanta suna faɗa a kan ludayi. Ran nan na ji Rekiya ta ƙyalƙyale, ta ce a miƙo mata kunu. Ban taɓa gode masa a gabansa ba, don kar kansa ya kumbura, amma ban manta ba.

Ashe ranar marina akwai wani malamin majigi cikin taron. Bayan 'yan shekaru ya zo har zaure ya ce ana neman Ilu a Kaduna. Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, inji ya haska hotuna masu motsi, wani mutum kuma ya riƙe lasifika yana bayani. A nan muka fara ganin jirgin ƙasa da garmar shanu. Sai ga Ilu ya fara fitowa a ciki, wani lokaci manomi mai taurin kai, wani lokaci mai gida da ba ya share rijiya. Muna nuna shi da yatsa muna ihu. Bayan samun mulkin kai aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, aka riƙe shi can ma. Mu dai ba mu taɓa ganin akwatin ba, labari muke ji. Da rani ya tafi, gab da damina ya dawo da atamfa da takalmin roba da sababbin muryoyi.

To, a zamanin nan agana, cutar nan mai feso ƙuraje, na cin yara. Wanda ta bari da rai ta bar shi da zanzana, wani ta tafi da idonsa. Masu lamba na yawo gari gari suna tsaga dantse don rigakafi, amma da an ji motarsu sai mata su cusa yara cikin rumbu su rufe. An yi shela, an yi wa'azi, a banza.

Wani rani, Ilu na Kaduna, majigi ya zo Kurfi. Na je sarin goro, na tsaya kallo. Mutanen Tamawa sun cika wurin, Atiku na gaba. Sai ga Ilu a ƙyalle, masu lamba sun zo ƙofarsa yana korarsu da tabarya. Muka yi ta dariya. Mai lasifika ya ce, "Ga Ilu nan, ya ƙi lamba." Da sunansa na gaskiya, ka ji. Can sai ga shi kwance, fuska duk ƙuraje, yana numfashi da ƙyar. Dariya ta ragu. Can kuma sai ga likkafani. Muna kallo aka naɗe shi, aka ɗaure ƙafa, aka ɗora a makara, maza huɗu suka ɗauka.

Mai lasifika ya ce, "Allah ya jiƙan Ilu."

Filin nan gaba ɗaya ya ce, "Amin."

Kar wani ya ce mu ƙauyawa ne. Mun san wasa. Mun ga Ilu ya yi Bature, ya yi kurma, ya yi mai nono. Amma wane ɗan Musulmi zai yarda a sa masa likkafani yana da rai? Wa zai hau makara don a yi dariya? A wurinmu ba a wasa da wannan. Kafin wani ya yi tunanin tambaya, motar ta naɗe ƙyallenta ta wuce gaba.

Washegari mata suka iso Dutsin-Ma da kuka. Sauda ta ce ita ba ta yarda ba, mutumin da bai iya ciwon kai shiru ba zai mutu bai aiko ba? Amma dattawa suka ce ɗaruruwan mutane sun gani da idonsu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, Sauda ta shiga takaba. Ni ma na yi kuka, ba na ɓoyewa, sai dai nawa da sauƙi, don zuciyata ba ta kwanta ba. Na sami Sa'idu direba da ke zuwa Kaduna, na ce ya nemo mini ko da kabarin ne.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Da masu lamba suka dawo, ba wanda ya buɗe rumbu. Iyaye mata suka yi layi da yara a goye da na hannu, daga Tamawa har Ɗantutture har unguwarmu, kowa na cewa, "Ba ku ga abin da ya sami Ilu ba?" 'Ya'yana duka suna da tabon nan a dantse. Bazarar da ta biyo agana ta zaga ƙasar, a unguwarmu ba mu binne yaro ko ɗaya ba. Wannan kam Allah ne, amma ta hannun maƙwabcina ya biyo.

Shi kuwa Atiku bai jira komai ba. Ya ce a raba gado tun kafin ruwa ya sauka. Tunda ɗiya mace kaɗai Ilu ya bari, wansa yana da rabo. Aka bar wa Sauda da Huseina gida da keken ɗinki, Atiku ya ɗauki gonar bakin rafi. Ruwan fari na sauka ya shuke ta kaf.

Gero ya kai gwiwa ran da motar Sa'idu ta tsaya a bakin kasuwa, Ilu ya diro da akwatinsa, ya yi ƙiba ma. Ashe aiki ne ya riƙe shi a Kaduna har damina ta faɗi, can Sa'idu ya same shi da ransa. Matan da ke ɗibar ruwa suka watsar da tuluna. Wani mai tsire ya bar wutarsa ya shige masallaci. Ni ina zaune kan tabarmar goro, bakina kuwa bai mutu ba.

Na ce, "Ilu, ya lahira?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ana ta tambayarka."

Da ya isa gida, Sauda ta matso. Ta taɓa hannunsa, ta tabbata nama ne, ta shiga ɗaki ta yi kitso ta sa lalle, sannan ta fito ta fara yi masa faɗa. Ta katanga na ji duka. Ƙarshen faɗan shi ne: to, mi za mu ci bana?

Da safe na raka shi Tamawa gaban mai gari. Zaure ya cika, yara sun hau katanga suna leƙen mamaci. Mai gari ya dubi Ilu, ya ce shi dai tunda ya gaji ubansa bai taɓa shari'a da wanda aka yi wa sadakar uku ba.

Atiku ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce ba shi ba ne. Amma gado an raba shi gaban malamai. Kowa a nan ya ga likkafani. Likkafani ba abin wasa ba ne. Abin da aka raba an raba."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. In gonar nan ta tafi kuwa, gidan Ilu ya shiga uku. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago.

"Yaya, abin da ka gani a ƙyalle shi ne shaidarka?"

"Shi ne."

"To rawanin alƙali abin wasa ne?"

"Wa ya ce?"

"Bara a filin nan na Kurfi ka gan ni da rawanin alƙali da alkyabba, ina yanke wa ɓarawon shanu hukunci. Ranka ya daɗe, kai ma kana wurin." Sai ya gyara zama, ya naɗe ƙafafu, ya yi gyaran murya irin ta manyan malamai, ya shafa gemun da ba shi da shi. "Saboda haka kotu ta zauna. Gona ta mamaci ce, tunda ya zo da kansa."

Mai gari ya so ya daure, ya kasa. Ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Da ya sami numfashi ya ce rabon gado ya warware, gona ta koma hannun mai ita. Ilu da kansa ya ce in an yi girbi Atiku ya ɗauki rabi, ladan iri da noma.

Atiku ya miƙe yana kakkaɓe riga, bai ji daɗi ba.

"Rabi kawai? Ni da na zauna makoki? Ni da na yi ta kuka a gaban mutane har muryata ta dushe?"

Ilu ya ce, "An ba ni labarin kukan, Yaya. An ce kana yi kana tambayar inda iyakar gonar ta tsaya. Ni sana'ata ce, na san na gaske, na san na wasa. Naka ko a majigi ba za a ɗauka ba."