Masu Ba Karenmu Nono A Ɓoye

Karenmu ba ya shiga cikin gida, kuma bai taɓa neman shiga ba. Wurinsa bayan katanga ne, tsakanin garken shanu da bishiyar darbejiyar da mahaifina Baffa yake zama a gindinta da abokansa bayan la'asar. Gidanmu yana ƙarshen gari a Kiyawa, daga mu sai gonaki. Baffa ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, amma ko ya sa babbar riga sai ya leƙa shanunsa kafin ya hau babur. Karen kuwa shi yake gadinsu tun ina aji uku a firamare.

Bara ne ya fara faɗuwa. Yana tsaye lafiya sai ya zube, ƙafafu suna harbi, baki yana kumfa. Likitan dabbobi a Dutse ya ce farfaɗiya ce, ya rubuta ƙwaya safe da yamma, ya ce haka za a ci gaba iya rayuwarsa, kada a tsallake ko sau ɗaya. Ni aka ɗora wa aikin. Nakan cusa ƙwayar cikin lomar tuwo in jefa masa, ya haɗiye kafin ta taɓa ƙasa. Faɗuwar ta tsaya, muka yi wata biyar lafiya lau. Da damina ta kankama, shanu suka ƙoshi, sai cikin kare ya ɓaci.

Da farko ƙugi ne, kamar an tayar da injin markaɗe a nesa. Sai zawo ya biyo baya. Sai kuma tusa, wadda ita ce ta sa aka san mu a unguwa. Ba ta da sauti ko kaɗan. Kana zaune kana shan iska sai ka ga kaji sun miƙe sun koma gidan maƙwabta, to ka san ta taso. Ni da idona na ga ƙuda ya faɗo daga sama. Akwai wani abokin Baffa mai sayar da taki, mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwana yana tashi cikin buhuna, shi ma ranar ya naɗe tabarmarsa ya ce ya tuna yana da uzuri. Cikin mako guda majalisar Baffa ta watse, ya rage daga shi sai rediyonsa.

Baffa ya yanke cewa maganin ne ya lalata cikin. Ya ce tunda likita ya hana a daina, to kare zai koma rugar Kawu da ke wajen Aujara, can daji ne, iska ta wadata. Kawu zai zo ya tafi da shi nan da kwana goma sha biyu. A nan dariyata ta tsaya. Kawu mutumin kirki ne, amma yini yake yi a bayan shanu, kuma ko nasa maganin ba ya sha a kan lokaci. Na san ƙwayar ba za ta yi kwana uku ana ba shi ba. Faɗuwar za ta dawo, ga damina, ga kududdufai ko'ina, babu wanda zai gan shi.

Na roƙi Baffa ya bari in mayar da shi wurin likita. Mai adaidaitar da ya kai mu Dutse ya yi tuƙin ne da rabin jikinsa a waje. Likita ya danna cikin, ya ɗora karen a sikeli, ya tambaye ni abin da yake ci. Na ce tuwo sau biyu, wani lokaci da ƙashi. Ya dube ni, ya dubi karen, ya ce tuwo sau biyu ba ya sa wannan ƙiba. Ya bayyana mini cewa maganin yana ƙara yunwa da ƙishirwa, kare zai riƙa kallon mutane kamar wanda bai ci komai ba tun haihuwarsa. Ya ce in koma in sa ido kwana uku, duk abin da ya shiga bakinsa in kira in gaya masa.

An yi sa'a muna hutun makaranta. Washegari bayan sallar asuba na haye darbejiya na ɓuya cikin ganye.

Kaka ce ta fara fitowa, mahaifiyar Baffa, bayan an gama tatsa. Ta waiga hagu da dama, ta fito da 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin mayafi ta tsiyaya madara mai ɗumi a kaskon kare. Da hantsi Inna ta kawo tsalar da ta rage bayan ta kaɗa mai. Ƙanwata ta raba furarta biyu ta ba shi rabi, har da sukari. Goggo, wadda gidanta ke jikin namu, ta aiko da sauran wake da kindirmo a kai. Kowa yana zuwa a sace, kowa yana zaton shi kaɗai ne mai tausayi a duniya. Karen kuwa kowa ya zo sai ya lanƙwashe wuya ya yi idon maraya.

Ban ga laifinsu ba. A gidanmu mara lafiya nono ake ba shi. Na yi zazzaɓi an ba ni nono, Inna ta haihu an ba ta nono, yayana ya karye a ƙwallo an ɗaure ƙafar an ba shi nono. Ga shi damina, ƙore duk sun cika.

A rana ta biyu na ga abin da ya kusa faɗo da ni daga reshe. Baffa ya dawo daga aiki, bai shiga gida ba, ya zagayo bayan katanga da kwanon sha cike da kindirmo. Ya juye a kasko, ya tsaya daga nesa kaɗan yana yi wa karen magana da Fillanci a hankali, irin yadda yake yi wa saniyar da ya fi so.

Da kwana ukun suka cika na kira likita na lissafa masa. Ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ya ce yawancin karnuka in sun girma cikinsu ba ya narkar da madara, balle a haɗa da wake. Ya ce a tsayar da nono gaba ɗaya, a ba shi dafaffiyar shinkafa da kabewa da ɗan nama mara kitse, kaɗan-kaɗan sau uku a rana, ƙwayar kuma a cikin abinci. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, in riƙa zagayawa da shi da yamma. Idan cikin ya kumbura ya yi tauri, ko yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, in kawo shi nan take.

Kaka ce ta fi ba ni wahala.

"Kai angon banza, nonon da ya raini ubanka shi ne zai zama guba?"

"Amarya, ubana ba kare ba ne."

Ta jefe ni da mafici. Daga baya na ba ta aikin dafa kabewar, don hannunta ba ya iya zama bai ba wani abu ba. Ta karɓa tana mita cewa an mayar da ita kukun kare da tsufanta.

Baffa kuwa ban san ta inda zan fara ba. Na same shi shi kaɗai a gindin bishiya, na durƙusa na gaya masa abin da likita ya ce, na lissafa Kaka da Inna da Goggo da ƙanwata, ban sa sunansa ba.

"Su ke nan ka gani?"

"Su ke nan zan faɗa, Baffa."

Ya daɗe yana murɗa rediyonsa, sannan ya ce in je in kira masa kowa. Ya kafa doka da babbar murya cewa daga yau duk wanda aka kama da ƙwarya a bayan katanga zai gamu da shi. Inna ta sunkuyar da kai tana danne dariya, na gane ashe ta daɗe da sanin inda kindirmonta yake tafiya.

Kwana biyu babu wani canji, har na fara tunanin yadda zan koya wa Kawu duba agogo. A na huɗu zawon ya tsaya. A na shida na zauna kusa da karen tun la'asar har magariba ina shaƙar iska kamar mai neman inda gas yake yoyo, ban ji komai ba sai warin shanu, wanda a wurinmu ba wari ba ne.

Kawu ya zo ranar da ya ce, da igiya a ɗaure a bayan babur. Aka shimfiɗa masa tabarma, suka yi hirar ruwan bana da kuɗin dusa, karen yana kwance can gefe yana barci. Ni ina tsaye a jikin katanga. Da Kawu ya miƙe ya fara kwance igiyar, Baffa ya ce ya bar ta, shanun nan ma suna buƙatar mai gadi. Kawu ya ce dama shi bai san yadda zai ɗauki kare a babur ba. Na raka shi har bakin titi, na dawo da gudu, don lokacin ƙwayar yamma ya yi.