Hoton Ɗan Fari

Yayana shi ne ɗan farin Inna, ni ne autanta, kuma tsakaninmu akwai shekaru da kaburbura masu yawa. Ban tashi na same shi a gida ba. Tun da aka yaye shi, Baffa, wan mahaifinmu, ya ɗauke shi zuwa cikin garin Haɗeja, kamar yadda ake yi a danginmu. Mu Fulani ne da shanu suka ƙare mana tun zamanin kakanni, muka zauna a bakin fadama muna noman shinkafa. Shanu sun tafi, kunya ta zauna. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa. In ya shigo gaisuwa sai ta sami abin yi a ɗaki, ta amsa daga can. Inna ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. "Yaron Baffanku" take ce masa har ya yi gemu.

Da Turawa suka matsa a ba da yara makarantar boko, Baffa ya miƙa shi. Daga Haɗeja sai Kano, daga Kano sai ƙasar Zazzau, inda ake buga littattafai. A can ya rubuta littafinsa na labari, na wani masunci da ya yi rantsuwa ba zai ƙara taɓa ruwa ba. Duk wanda ya yi elementare a zamaninmu ya karanta shi, har da waɗanda ba su san daga wane lungu marubucin ya fito ba. Ni ma da na iya haɗa baƙi nakan zauna a tsakar gida in karanta da ƙarfi. Inna ba ta taɓa cewa tana ji ba, tankaɗenta kawai take yi. Amma in na yi shiru sai ta ce, "Ai ba wanda ya hana ka karatu."

Ba a daɗe da dawowar sojojin Bama ba sanƙarau ya ɗauke shi a can. Kafin labari ya iso mana an riga an yi sadakar bakwai. Mata suka cika gidanmu, Inna na zaune tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Suka fita suna yabonta, wai ko ƙwalla ba ta yi ba. Har yau in na tuna wannan yabo raina ɓaci yake yi. A shekarun da suka biyo baya yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya tafi, na dama ya kama hanya.

Hoton ya zo ne a ƙarshen wata damina, lokacin da kogi ya malale fadama, ƙauyenmu ya zama tsibiri. A lokacin na yi aure, har da ɗa. Wani maƙwabcinmu mai kai bandar kifi Kano shi ya kawo shi. Ya ce a shagon wani mai hoto a Sabon Gari ya gan shi, cikin tsofaffin hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, mai shagon ya ce masa ai wannan malamin nan ne mai littafi, mutumin Haɗeja. Bawan Allah ya cusa hoton a cikin hula, ya kifa ciki a kan gora ya haye ruwa, hular ta faɗi a tsakiya. Ya kamo ta, amma ruwa ya riga ya ci gefen fuskar.

Mutum ne zaune a kan kujera, da babbar riga da rawani, ya ja amawali ya rufe baki, ya dafa wani littafi a kan tebur. Na kalla har idona ya yi ruwa. Ina ƙarami na yi masa ganin ƙarshe, kuma duk kallon da na yi wa takardar sai fuskar cikinta ta danne 'yar wadda ta rage mini a kai.

Da yamma na shiga gaishe da Inna. Tana kallon ƙasa ta ce, "An ce an kawo wata takarda."

Na ce, "Hoto ne, Inna."

Ta ce, "Ka kai wa waɗanda suka sani. In shi ne, ka zo ka gaya mini. In ba shi ba ne, kada a shigo mini da ƙaton wani."

Na gane abin da take nufi. Tana so ta kalle shi sau ɗaya kafin idon ya rufe, kuma ba za ta karya kunyar rayuwarta a kan baƙo ba.

Washegari na shiga kwale-kwale zuwa Haɗeja. A zauren Baffa aka yi zaman, aka kira babban malamin elementare, wanda suka yi makaranta tare da Yaya a Kano. Malam na ɗora ido a kai ya ce, "Wallahi shi ne. Ku dubi yadda ya dafa littafi."

Baffa ya karɓa, ya nesanta shi da fuska, ya kusanto da shi. Ya ce, "Malam, duk wanda ya shiga shagon nan littafin nan ake ba shi ya dafa. Na ga hoton wani ɗan doka da bai san ko bihim ba, shi ma ya dafa shi. Kuma yaron da na rena bai taɓa naɗa rawani ba. Hula yake sawa, ita ma a karkace."

Malam ya ce, "Rawanin na aro ne, Baffa. Masu hoto suna ajiye shi."

Baffa ya ce, "To, rawani na aro, littafi na aro, kujera ta aro. Me zai hana fuskar ma ta zama ta aro?"

'Yan zaure suka yi dariya, ni ban yi ba. Kowane namiji a gidanmu yana da 'yar tsaga a gefen baki, wanzami ke yin ta ranar suna, kuma da ita kaɗai ta raba gardama. Amawali ya rufe wurin. Na ga Baffa, dattijo mai hankali, ya sa farce yana kankarar takardar a hankali, wai ko amawalin zai sauka. Da ya ga ina kallonsa sai ya janye hannu.

Kafin la'asar zaure ya cika. Wani ya ce girar ta gidanmu ce. Wani ya ce hancin ya yi faɗi, ba na Fulani ba ne, aka ce masa ruwa ne ya baje shi. Wani baƙo daga Birniwa ya rantse akawun gyaɗa ne da ya taɓa zama a garinsu. Kowa da ya zo wucewa sai ya tofa albarkacin bakinsa, har da waɗanda ba su taɓa ganin Yaya ba, kuma su suka fi ɗaga murya. Matar da ya bari ce za ta iya shaidawa, ita kuwa ta yi wani aure, sun bi hanyar Makka a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Da Malam ya gaji sai ya ce, "Ku kai wa mahaifiyarsa mana. Ai uwa ba za ta kasa gane ɗanta ba."

Baffa ya ajiye hoton. Ya ce, "Malam, ba ka san mu ba."

Na koma gida hannu rabbana. Inna ta ce, "Me suka ce?" Na ce wasu sun ce shi ne, wasu sun ce ba shi ba ne. Ta ce, "To." Na roƙi mai bandar kifi ya sake tambayo mai shagon in ya koma Kano. Ya dawo ya ce mutumin ya tattara ya koma garinsu a kudu, wani tela ne a shagon yanzu. Na je Jahun wurin wani da aka ce sun yi aiki tare da Yaya, na tarar tsufa ya ci shi, duk wanda aka nuna masa sai ya ce shi ne. Ruwa ya janye, shinkafa ta nuna, Inna ta fara lalube kafin ta sami butarta. Na fid da rai, kuma na ji haushin kowa, har da mamacin da ya ja amawali.

Wata safiya mata sun tafi yankan shinkafa, gida ba kowa sai ni da ita. Ta kira ni ta ce, "Kawo takardar nan."

Ta matso bakin ƙofa inda haske yake. Ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta kai shi dab da idon dama. Na juya kai don kada ta ji nauyina. Ta daɗe sosai. Da na waiwayo sai na ga ta juya hoton, tana duba bayansa, inda ba komai sai tabon ruwa.

Ta ce, "Mai hoton bai ɗauke shi ta baya ba?"

Na ce, "A'a, Inna. Ta gaba ake ɗauka."

Ta ce, "Da ta baya ne da na gaya maka. In ya yi sallama zai tafi, nakan leƙa ta jikin zana har ya sha kwana. Ƙeyarsa na sani, da yadda yake sauke kafaɗa ɗaya." Ta miƙo mini. "Wannan ban san shi ba. Mayar wa mai shi."

Kafin damina ta kewayo idon ya rufe. Hoton yana wurina har yau, don ban san wanda zan mayar wa ba.