Tambayoyin Baffa, Amsoshin Goggo

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba muƙami ba ne, hukunci ne. Mu Fulanin da suka zauna ne a wani ƙauye kusa da Zandam, ta wajen Gwaram. Fillancin ya tsere mana tun zamanin kakanni, shanun ma sun ragu, amma kunya kam ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai taɓa kama sunana ba, bai kuma taɓa dubana ya yi mini magana ba. In na shigo zaure sai ya fita, in babu halin fita sai ya tsura wa bango ido. In dole ta kama a ambace ni, sai ya ce "wancan." Ƙannena na hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni kuwa wancan ne.

Duk abin da zai shiga tsakanina da shi ta hannun Goggo yake bi, wato yayarsa, wadda ta yaye ni ta riƙe ni a ɗakinta. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa jin ta rasa wani abu ba.

Na gama firamare a Gwaram, ban sami sakandare ba. Shekarun nan ne da yaƙin basasa ya ƙare kuɗin man fetur suka fara kwararowa, duk wanda ya iya sa hannu ya zama ɗan kwangila. Sa'o'ina suka watse Kano, suna dawowa da salla da agogo da wando mai faɗin ƙafa. Ni kuwa wani malaminmu, Kirista ne mutumin kudu, kafin a yi masa canjin wurin aiki ya nuna mini karatu ta gidan waya: a aiko maka darasi, ka yi aikin ka mayar, a gyara a dawo maka da shi. Ya ce akwai jarrabawar da ake zaunawa a Kano ƙarshen kaka, ba a tambayar a ina ka yi karatu, in ka ci ƙofar kwaleji ta buɗe. Na zaɓi lissafi da kimiyya, don a zatona su ne ba ruwansu da dogon Turanci. Ranar kasuwar Birnin Kudu sai in maƙale a bayan motar 'yan hatsi in je in karɓo darasina, in dawo ina hura hanci.

Karatun mutum shi kaɗai yana da wata cuta: ba mai ce maka ka yi kuskure sai bayan wata guda, kafin nan kuwa ka gama raba kuskuren a gari. Ba ni da ɗakin gwaji, saboda haka madafin Goggo ya shiga uku. Na narkar mata da gishiri don in ga ko zai dawo, na zuba ruwan tsamiya a kan kanwarta don in ga kumfa, na fasa gilashin fitila ina binciken abin da wuta ke ci. Ko rijiya zan je sai na soke biro a aljihu. Mutane suka fara sauya hanya in sun hango ni, don sun san zan tsare su da tambayar me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, alhali su shan ruwan kawai suka zo yi duniya.

Ashe jarabar tambayar nan gado na yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baffa mutum ne mai son sanin dalilin komai, kuma tun da ya sayi rediyo abin ya ƙaru. Sai dai dattijo ba ya tambaya, shi ake tambaya. Ga mai littafin kimiyya a cikin gidansa, amma wancan ne. Sai ya fito da dabara. In ya shigo gaida Goggo da safe, bayan an gama gaisuwa ya miƙe kamar zai fita, sai ya ce, "Af, Adda, wai me littafin wancan ya ce a kan abu kaza?" Don kada a ce bai sani ba, sai ya haɗa mata da tasa amsar. Ita kuma ta kawo mini, ni in zazzage mata bayani, ta mayar masa washegari.

Tambayar farko a kan walƙiya ce: me ya sa ake ganin ta kafin a ji tsawa? A ganin Baffa, walƙiya zagi ce, tsawa ce mai sarautar, ai kuwa zagi shi ke gaba. Na ce wa Goggo sam, tare suke tashi, haske ne ya fi ƙara gudu, ta duba mai daka a can tsallaken fadama, za ta ga taɓarya ta sauka kafin ta ji dum. Goggo ta gyaɗa kai ta ce ta ji.

Sai maganar madara: me ke sa ta yi barci ta zama nono? Baffa ya ce albarkar tsohuwar ƙwarya ce. Na ce wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, su ke cika cikinta suna aikin. Goggo ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta ji.

Da rediyo ya dame shi da zancen man da ake haƙowa a kudu, ya aiko a tambayi yadda aka yi mai ya shiga ƙasa, shi da ya san mai daga gyaɗa yake fitowa ko daga saniya. Nasa hasashen shi ne kitsen matattun halittun da ne ya tsiyaye ya taru. Na duba littafi, na ga abin haushi bai yi nisa da gaskiya ba. Na ce a gaya masa kusan haka ne, amma na ƙara da dogon sharhi don kada a raina ni.

Ta ƙarshe ita ce ta dutse. Ana yasar rijiyarmu, gardama ta tashi: in aka saki babban dutse da tsakuwa tare, wa zai riga isa ƙasa? Baffa ya ce babba mana, babba babba ne ko a rijiya. Na ce tare za su sauka.

Duk wannan lokaci ina cikin farin cikin da ban taɓa sanin irinsa ba. Ubana yana tambayata! Ko da ta bayan katanga ne, magana ce. Ina ƙiyasta shi zaune a kan buzu yana jinjina kai, yana cewa a ransa lallai wancan ya san abin da yake yi.

Kaka ta yi, aka cire amfanin gona, lokacin tafiya da shanu kudu cin rani ya matso. Ƙanin Baffa da ya saba kai su ya sami gadi a wurin wani ɗan kwangila a Kano, ya ce shi da bin saniya har abada. Jarrabawata kuma a daidai wannan tsakanin take. Na aiki Goggo ta nemo mini izinin tafiya, ko ɗar ban ji ba. Ta dawo ta zauna tana tsince wake, ta isar da saƙo ba tare da ta ɗago ba.

"Ya ce ya auna littafin naka ta kowace fuska, bai sami komai a ciki ba sai abin da shi ma ya sani. Ya ce tun da Turawa ba su fi shi da komai ba, ba sai an je Kano ba. Ka shirya ka bi shanu."

Na ce, "Goggo, wane abin da ya sani? Ai duk amsoshinsa in ban da ɗaya ba daidai ba ne! Me kike gaya masa?"

"Me zan gaya masa? Cewa nake ka duba, yadda ya faɗa haka yake a rubuce."

"Duka?"

"Duka mana. Kai yanzu don Allah, ni zan buɗe baki in ce wa uban gida ɗansa ya ce ba haka ba ne? Ɗan farinsa? In je in ce masa akwai ƙwari a nonon gidansa? Ai ni rufa maka asiri nake. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Wata da watanni ina aika ilmi, ana sauke shi a hanya ana ɗora ladabi. Na roƙe ta ta koma ta warware, ta ce sai dai in nemi wata Goggon. Ba kuma wani mahaluki a garin da zai karɓi irin wannan aike. In je da kaina in tsaya gabansa kuwa, ko a mafarki ƙafata ba za ta kai ni ba.

Akwai wata tsohuwar farar saniya da Baffa ke ji da ita, ba ta zuwa kiwo, a ƙofar gida ake ɗaure ta, shi kuma kusa da ita yake shimfiɗa buzunsa da hantsi. Washegari na faki idon Goggo na ɗauke ɗan dutsen niƙanta, na tsinci tsakuwa, na jingina tsani na hau saman zaure. Baffa yana ƙasa yana jan carbi, ya ga komai, ya yi kamar bai gani ba.

Na dubi saniyar na ɗaga murya. "Ke saniya, littafi bai ce babba ne ke riga isa ba. Cewa ya yi tare suke sauka."

Na sake su a kan yashi. Tim, ƙara ɗaya.

Carbin ya tsaya. Saniya ta ci gaba da tuƙa. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, don a iya sanina ba a taɓa yin irin wannan rashin kunya a zuriyarmu ba. Can sai na ji muryarsa, shi ma saniyar yake kallo.

"Ke, gaya wa na saman nan ai ƙaramin ya riga saki."

Na sauko na kwashe su na koma na sake. Tim.

"Gaya masa ya sauya hannu."

Na sauya. Ya tashi ya zaga bayan gida, ya zaɓo nasa duwatsun, wani ƙato da wani ɗan mitsitsi, ya ajiye a gindin tsani ya koma mazauninsa. Su ma tare suka sauka. Maƙwabta suka fara leƙowa. Sai ya miƙe ya naɗe hannun riga.

"Gaya masa ya sauko ya riƙe tsani."

Haka na riƙe tsani, kaina a sunkuye, ubana ya taka ya wuce ta gefen kunnena da dutse a hammata. Daidai nan Goggo ta fito neman ɗan dutsen niƙanta. Ta ɗaga kai ta saki salati.

"Malam! Da girmanka? Da gemunka? Me mutane za su ce?"

Ya ce, "Adda, matsa kada ya faɗo miki."

Ya sake su da hannunsa. Gani ya kori ji. Ya daɗe a sama yana leƙen duwatsun nan biyu kwance a yashi, sai kawai ya fashe da dariya, irin ta yaron da ya ga ɗan maraƙi ya miƙe. Ban taɓa jin dariyarsa a kusa haka ba, sai da idona ya kawo ruwa.

Da ya sauko ya zauna ya huta, ya dafa wuyan saniyar ya ce, "To tambaye shi, don me?"

Nan fa ake yin ta. Na gyara tsayuwa na fara jero haruffa da lambobin da na haddace, da Turancina na gidan waya.

"Ce masa da Hausa."

Na san dokar, na iya fitar da lissafinta a takarda, amma abin da zai sa nauyi ya kasa yi wa dutse rana, ban taɓa gane shi ba. Na so in yi 'yan kwane-kwane irin waɗanda nake yi wa mutanen bakin rijiya, na ga ba wurinsa ba ne.

Na ce, "Gaya masa ban sani ba. Na haddace ne, ban gane ba. Kuma ba ni da wanda zan tambaya."

Ya shafa saniyar. Goggo na tsaye rungume da dutsenta.

Ya ce, "Ashe da saura. Gaya masa ya je inda aka sani ya jiyo mana."

Ba wanda ya tayar da maganar shanu, ni kuma murna ta hana ni tambaya. Na zaci zai ɗauki wani makiyayi ne. Ranar tafiyata na fito da sassafe da akwatina na kwano, zan bi hanyar da motar Birnin Kudu ke tsayawa, sai na tarar an riga an kaɗa garken. A bayansu akwai mutum ɗaya da malafa da goran ruwa, ya saɓa sanda a kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar da ke damun sa in sanyi ya shigo. Baffa ne. Rabonsa da tafiya cin rani tun kafin a haife ni.

Na ajiye akwatin na tsaya. Na san ya san ina nan, don ya rage sauri. Bai waiwayo ba, ni ma ban kira shi ba, haka ake yi a gidanmu. Ya bi shanunsa kudu, ni kuma na ɗauki akwatina na tafi nemo masa amsa.